Yadda Nan-da-Nan Ya Kai Layin Teloli Majalisa

A layin teloli babu mai kiransa da sunan yanka. Nan-da-Nan muke ce masa, saboda tun yana ƙarami ba a taɓa tambayarsa yaushe zai gama abu ya ba da wata amsa ba. Ya yi koyon ɗinki a shagon yayarsa, ya ce nan da nan zai ƙware, ya ɗinke wa wani ango bakin ƙafar wando ɗaya ruf. Ya sayar da lasifika, ya yi dillancin tsofaffin firij, daga baya Allah da ikonsa ya tsaya takara ya ci, ya zama ɗan majalisar dokoki mai wakiltarmu. Ni mai sayar da zare da maɓalli ne a bakin layin. Abin da zan faɗa yawanci a gabana aka yi shi, wanda ba a yi a gabana ba shi da kansa ya ba mu labari, don ba ya iya riƙe magana ko da ta abin kunyarsa ce.

Layinmu shaguna ne sahu biyu suna kallon juna, da ƙaramar kwata a tsakiya. Tun kafin a haifi yawancinmu ake ɗinki a nan, amma a wurin hukuma gefen titi ne kawai, ba kasuwa ba. Wata safiya muka tarar an shafa wa kowace ƙofa jan fenti. Za a faɗaɗa titi, kuma da zarar damina ta wuce katafila za ta zo.

Shagon Yaya, wato yayar Nan-da-Nan, shi ne na farko daga titi. Da keken ɗinkin da ke cikinsa ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, da shi ta yi masa aure, da shi ta ɗinka tutocin neman zaɓensa. Ba ta da wani wuri a duniya sai wannan shago da ɗan ɗakin da ke bayansa.

Maganin abin kuwa bai taka kara ya karya ba. Akwai wata dattijuwa a majalisar, shugabar kwamitin kasuwanni, da ake kira Uwar Kasuwa. Ta daɗe tana kawo ɗinki wurin Yaya. Ita ta zo da kanta, ta zauna a kan bencin shagon, ta sa aka kira mata Nan-da-Nan.

"Mazaɓarka ce, kai ya kamata ka kawo ƙudirin," in ji ta. "Sashe ɗaya tak za ka rubuta: layin teloli kasuwa ce. Doka ta hana a rushe kasuwa sai an ba mutanenta wani wuri. A karatu na farko akawu zai karanta sunan ƙudirin. A na biyu ka yi 'yar magana, Kakakin majalisa ya ga maganar kasuwa ce, ya miƙo wa kwamitina. Daga nan ka bar mini sauran."

"Nan da nan, Hajiya."

"Na ce sashe ɗaya."

"Hajiya, ko rabin sashe kika ce, ni nan da kike gani zan tsaya a kansa har majalisa ta girgiza."

"Ba na son ta girgiza. So nake ta yi hamma ta wuce da shi."

Ya rubuta kuwa, layi biyu a kan takarda ɗaya, ya kai ofishin da ake karɓar ƙudirori. Rashin sa'a, ya tarar da Injiniya a gabansa. Injiniya shi ne shugaban kwamitin ayyuka da tituna, kuma shi ne ya fi kowa son a faɗaɗa titin namu. Nasa ƙudirin sai da aka ɗauko masa shi da hannu biyu. Ya waiwayo, ya dubi 'yar takardar da ke hannun mutuminmu.

"Honarabul, katin gayyata ne? Wa ke aure?"

"Wannan ai bangon ne kawai," in ji Nan-da-Nan, ya ninke takardar ya cusa a aljihu. "Cikin yana gida. Mota ɗaya ba ta ɗauke shi ba."

Washegari ya sa aka fito masa da tebur a ƙofar shagon Yaya, ya ce duk mai wata damuwa a unguwa ya zo ya faɗa, zai mayar masa da ita doka. Abin nema ya samu. Shugaban direbobi ya zo da jama'arsa, shi kaɗai ya kwashe sassa da yawa, ciki har da cewa a fasa tudun nan da ake yi a titi don rage gudu. Yana tashi shugaban makaranta ya zauna, ya ce a ƙara yawan tudun. Nan-da-Nan ya rubuta duka biyun, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Mai aski ya nemi fitilun titi. Mai kemis ya nemi kwalbati. Mahauci ya nemi famfo. Mai horar da 'yan ƙwallo ya nemi fili. Surukin Nan-da-Nan, tsoho mai son barcin rana, ya aiko a rubuta cewa an hana manyan motoci danna hon bayan azahar. Matarsa kuma ta ce ita gadar sama take so, don ta gaji da tsallaka titi da takalmi mai tsini.

Yaya tana ciki tana taka keke, tana ji. Da taron ya lafa ta leƙo.

"Ina nawa?"

"Naki ne na ɗaya, Yaya. Ga shi nan a sama."

"To sauran fa?"

"'Yan rakiya ne. Kin taɓa ganin babban mutum ya shiga wuri shi kaɗai?"

"Na taɓa ganin 'yan rakiya sun cika mota an bar mai tafiya a tasha."

"Yaya, ke ɗinki kika sani. Wannan harkar doka ce."

"Kai ai ko ɗinkin ba ka sani ba," in ji ta, ta koma kan kekenta.

Ranar karatu na farko ya ɗauko mana hayar motoci. Ya ce kowa ya rufe shago ya zo ya ga tarihi da idonsa. Yaya ta ɗinka masa sabuwar riga, shi kuma ya yi mako yana bitar jawabi a gaban madubin mai aski, har mai askin ya haddace wasu wurare yana tuna masa. Muka isa, aka tsayar da mu a ƙofa ana caje mu ɗaya bayan ɗaya. Almakashin teloli kaɗai sai da suka cika kwali. Muna hawa benen baƙi, wasu na neman kujera, wasu na gardamar wa zai zauna a gaba, sai muka ji akawu ya karanta wani abu da bai fi numfashi ɗaya ba. Kakaki ya buga guduma, ya ce a je abu na gaba.

Nan-da-Nan ya miƙe da damin takardunsa, ya gyara murya.

"Honarabul," in ji Kakaki, "a karatu na farko ba a muhawara."

"Ranka ya daɗe, ba muhawara zan yi ba, bayani ne."

"Shi ma ba a yi."

"To gaisuwa fa? Mutanena sun zo."

"Ka gaishe su a waje."

Ya zauna. Surukinsa, wanda a lokacin ne ya gama hawa bene yana haki, ya tambaye ni ko an kusa farawa. Na ce masa an gama.

A waje muka kewaye shi, kowa fuska a murtuke. Mai aski ya ce, "Honarabul, shi ke nan?"

"Kun dai gani da idonku," in ji shi. "Majalisa cike da mutane, amma ko mutum ɗaya bai iya buɗe baki ya yi adawa da ƙudirina ba."

Wasu suka tafa. Mutum in ya rufe shagonsa yini guda, dole ya sami abin da zai tafa wa.

Uwar Kasuwa ba ta tafa ba. Da kwafin ƙudirin ya kai teburinta, ta tare shi a barandar majalisa tana riƙe da shi kamar ta tsinci mushe.

"Mene ne wannan?"

"Ƙudirinmu ne, Hajiya. Ya ɗan yi ƙiba."

"Ka san dokar zauren nan? In ƙudiri ya taɓa kwamitoci da yawa, wanda ya fi yawan sassa a ciki shi ake ba jagoranci. Ka duba ka ga nawa ne maganar titi. Za ka ba kura ajiyar nama. Ka janye shi, ka kawo na farkon."

"In janye? Bayan na kwaso unguwa a mota? Hajiya, da wane ido zan kalli surukina?"

Ta kalle shi sama da ƙasa. Sannan ta ce, "To saurara, saura dabara ɗaya. Kakaki ba ya karanta abu mai kauri, abin da ya ji a bakin mai ƙudiri shi yake bi. A karatu na biyu ka ce kasuwa, ka sake cewa kasuwa, ka zauna. Kada kalmar titi ta fito daga bakinka."

"Ko a mafarki, Hajiya."

Gaskiya ya fara da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Mun sake cika benen baƙi, wannan karon mun bar almakashi a gida. Ya tashi ya ce layin teloli kasuwa ce, kasuwa ce tun kakanni, kuma kasuwa ce har gobe. Wani ya mara masa baya. Rabin zauren na duba waya, sauran na gyangyaɗi. Kakaki ya ɗaga guduma, har ya juya fuskarsa wajen Uwar Kasuwa. Ina kusa da Yaya, na ji ta sauke ajiyar zuciya.

Sai Injiniya ya ɗaga hannu, ko tashi sosai bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, ba ni da ja. Da na ɗauka wani babban abu abokina ya kawo mana, ashe ɗan ƙaramin ƙudiri ne na shaguna. A ba Hajiya ta duba masa, ba sai manyan kwamitoci sun ɓata lokacinsu ba."

Nan-da-Nan ya riga ya lanƙwasa gwiwa zai zauna. A haka ya tsaya, bai zauna ba bai miƙe ba. Uwar Kasuwa tana yi masa alama da hannu ya ƙarasa zaman. Ya dube ta, ya dubi Injiniya, sannan ya ɗaga kai ya dubi bene, inda shugaban direbobi da surukinsa da matarsa suka zuba masa ido.

Ya miƙe.

"Ƙarami? Ranka ya daɗe, a ba ni dama in nuna wa abokina abin da ake kira ƙudiri."

Ya buɗe damin. Ya karanta na tudun rage gudu, wanda za a fasa da wanda za a ƙara. Ya karanta na fitilun titi, da kwalbatin titi, da gadar saman titi, da hon ɗin motocin da ke bin titi. Duk sashen da ya karanta, mai shi a bene sai ya gyara zama ya dubi na kusa da shi. A ƙasa kuma shugabannin kwamitoci suka fara farkawa. Na ruwa ya ji famfo ya ɗaga hannu. Na wasanni ya ji fili ya ɗaga nasa. Na ilimi ya ji makaranta, ya tambayi na kusa da shi me ake rabawa, shi ma ya ɗaga.

"Babu lungun da ƙudirin nan bai leƙa ba," in ji Nan-da-Nan yana buga tebur. "Wanda ya ce ƙarami ne ya zo ya ɗaga shi da hannu ɗaya."

"Na janye maganata," in ji Injiniya. "Babba ne ƙwarai."

Kakaki ya ajiye guduma, ya sa akawu ya duba sassan. Akawu ya yi 'yan lissafe-lissafensa ya raɗa masa. Kakaki ya ce an miƙa ƙudirin ga haɗin gwiwar kwamitocin ayyuka, da ruwa, da ilimi, da wasanni, da kasuwanni, kuma kwamitin ayyuka da tituna ne zai jagoranta. Ya buga guduma. Uwar Kasuwa ta tattara jakarta ta fita ba ta kalli kowa ba.

"Wasu kwamiti ɗaya ake kai nasu, kamar marayu," in ji Nan-da-Nan a cikin mota muna komawa. "Nawa kuwa har rububinsa ake yi."

"Wa ke riƙe da shi yanzu?" Yaya ta tambaya.

"Injiniya."

"Wanda ya sa aka shafa mini jan fenti?"

"Yaya, ai gara maƙiyinka ya riƙe maka kaya a gaban shaidu."

Ban taɓa jin wannan karin maganar ba, kuma ban sake jin ta ba.

Daga nan aka shiga jira. Ruwan sama yana ta raguwa, kwamiti bai zauna ba. Ka'ida ita ce sai an sami wani adadi na 'yan kwamitocin a ɗaki ɗaya kafin zama ya halatta, su kuwa in na ruwa ya zo na wasanni ya yi tafiya, in na wasanni ya dawo na ilimi yana wurin biki. Kullum Nan-da-Nan ya je wurin Injiniya ya tambaye shi yaushe za a zauna, sai Injiniya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Nan da nan, Honarabul." Shi kuma ya dawo ya gaya mana cewa har salon maganarsa manya suka fara kwaikwaya.

Da Yaya ta daina amsa gaisuwarsa, ya yanke shawarar tara su da kansa. Ya sa aka kai abinci ɗakin kwamiti, ya bi ofis-ofis yana gayyata. Suka zo kuwa, har Injiniya. Matsalar ita ce duk wanda ya ƙoshi sai ya tuna yana da wani uzuri. In ya fita ya jawo ɗaya, ya dawo ya tarar biyu sun sulale. Da ya ga haka, sai ya lallaɓa ya fita, ya kulle ƙofar ta waje, ya tsaya gadi da makulli a hannu.

Can sakataren kwamiti ya ƙirga mutanen ciki, ya yi magana ta jikin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, saura mutum ɗaya adadi ya cika."

"Waye bai zo ba? Faɗa mini sunansa in ɗauko shi ko a kafaɗa ne."

"Kai ne, ranka ya daɗe. Kana cikin kwamitin kasuwanni."

Ya zura makulli da gaggawa, ya murɗa ta inda ba nan ba, makullin ya karye a ciki. Sai da aka nemo kafinta ya cire ƙofar gaba ɗaya. Kafin a gama, shugaban kwamitin ruwa, wanda ya sha lemo kwalba bayan kwalba, ya yi wa Nan-da-Nan alkawura da dama ta ƙasan ƙofa, babu mai daɗi ko ɗaya. Ana cire ƙofar suka fito suka wuce shi kamar ba su taɓa ganinsa ba.

"Sun ɗau tsawon yini a kan ƙudirina," ya gaya mana da yamma. "Har ƙofa sai da aka cire."

Abin mamaki, bayan wannan ne Injiniya ya sa ranar jin ra'ayin jama'a, ya aiko mana da gayyata ta musamman. Wannan karon 'yan kwamiti sun zo dukansu, da wuri, musamman waɗanda aka kulle. Aka zaunar da mu a kujerun roba, su suna kan dogon tebur, Nan-da-Nan a gefe da abin magana a gabansa.

Injiniya ya ce za a bar sashe na ɗaya sai ƙarshe saboda girmansa. Ya fara da na tudun rage gudu. Shugaban direbobi ya tashi ya ce tudun ya gama musu da motoci. Shugaban makaranta ya tashi ya ce motocin sun kusa gama masa da ɗalibai. Direba ya ce malam bai taɓa riƙe sitiyari ba. Malam ya ce direba bai taɓa riƙe littafi ba.

"Mai ƙudiri, wanne kake goyon baya?" in ji Injiniya.

"Duka biyun suna da gaskiya."

"To tunda ba a daidaita ba, a cire duka biyun."

Aka zo kan fitilu. Mai aski ya yi bayani mai kyau. Sai surukin Nan-da-Nan ya ɗaga sandarsa ya ce ɗakinsa yana kallon titi, an hana shi barcin rana da hon, yanzu kuma za a hana shi na dare da fitila. Mai aski ya ce Baba ya sayi labule. Baba ya ce mai aski ya sayi tarbiyya. Aka cire. Aka zo kan hon, direbobi suka rama, aka cire. Famfon mahauci ya zo hannun shugaban kwamitin ruwa, wanda ya ce bai ga abin da unguwar nan za ta yi da ƙarin ruwa ba, aka cire. Filin ƙwallo da gadar sama ko tattauna su ba a yi ba. Kowane sashe ya faɗi, Nan-da-Nan sai ya gyaɗa kai ya ce a cikin abin magana, "Dama na sa shi ne don gwaji."

"Saura biyu," in ji Injiniya. Ya sa tabarau. "Sashe na ɗaya ya ce layin teloli kasuwa ce, kada a taɓa shi. Akwai kuma wani can tsakiya da ya ce a gina wurin tsayawar motocin haya a bakin layin teloli, daga titi zuwa shago na farko. Shugaban direbobi, naka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Ina tsaye a wurin na nuna masa da hannu, ya rubuta."

"A wane wuri?"

"A ƙofar shagon yayarsa. Nan ya sa teburin."

Yaya ta tashi. Ba a kira ta ba, kuma babu wanda ya ce ta zauna.

"Ranka ya daɗe, ni ban san sashe ba. Shago nake da shi, da keke ɗaya, da ɗaki a baya. In aka rushe ban san inda zan kwana ba. Abin da na zo faɗa ke nan."

"Hajiya, na tausaya miki," in ji Injiniya, ya juyo mata da takardar. "Amma ba ni na rubuta ba. Kin san rubutun?"

"Na sani. Ni na biya kuɗin makarantar."

Ta zauna. Ni dai a lokacin tausayinta ya kama ni har na kasa kallon inda take, kuma na ji haushin ƙaninta irin wanda ban taɓa ji ba.

"Mai ƙudiri," in ji Injiniya, "biyun nan ba sa zama a doka ɗaya. Wanne za a bari?"

Uwar Kasuwa ta ce a fili, "Ka ce na ɗaya."

Direbobi sun cika sahun gaba, sun harɗe hannuwa. Yaya tana baya, ba ta ɗago kai ba. Nan-da-Nan ya jawo abin magana, ya goge zufa, ya yi murmushin nan nasa na mai dabara.

"Ranka ya daɗe, ni mai girmama tsari ne. Na bar wa kwamiti ya yi hikimarsa."

Kwamiti ya yi hikimarsa nan take. Uwar Kasuwa da mutum biyu suka ɗaga hannu wa sashe na ɗaya. Sauran, wato mutanen Injiniya da duk wanda ya taɓa yini a kulle, suka ɗaga wa na direbobi. Ƙudirin ya koma sashe ɗaya tak, kamar yadda aka so tun farko, sai dai ba wancan ba. Injiniya da kansa ya kai rahoto zaure, aka yi karatu na uku, aka sa hannu. Tsofaffin ma'aikatan majalisa sun ce ba su taɓa ganin ƙudirin da ya yi sauri irin wannan ba, kuma sunan mutuminmu ne a samansa.

Katafila ta zo da safe, ta tsaya a bakin titi injinta na ruri. Kowa na fitar da kaya. Ni na gama ɗaure kwalayen zare ina taya Yaya kwance labule, sai ga Nan-da-Nan ya sauko daga mota, sanye da rigar nan da ta ɗinka masa. Babu wanda ya ce masa Honarabul. Mai aski ya wuce shi da madubi a ka, ko kallo bai ishe shi ba.

Ya tsaya a ƙofar shagon yana murza hannu.

"Yaya, kada ki damu. Zan kawo ƙudirin gyara. Wannan karon sashe ɗaya tak, na riga na gano yadda ake yi."

Ta ɗaure kan keken da tsumma, ta kama teburinsa ta gefe ɗaya.

"Kama can."

Ya kama. Keken tsohon ƙarfe ne, mai nauyin gaske. Suka fito da shi, shi a gaba yana tafiya da baya-baya, ita tana tura shi. Suka wuce motarsa, suka wuce katafila, suka hau titi. Sauran teloli suka dubi juna, kowa ya ɗauki nasa keken ya bi bayansu. Ni ma na ɗora kwalayena a ka. Direbobi suka rage gudu suna kallo.

"Yaya, ina za mu kai shi?"

"Falonka."

"Falon da nake ganin baƙi?"

"Kana da wani?"

Ya leƙa ta saman kafaɗarta, ya ga jerin kekunan da ke biye da mu har ƙarshen layi.

"Su kuma waɗannan fa?"

"Kana da tsakar gida. Kana da gareji."

Ya yi 'yan taku a haka, zufa na ɗiga a kan sabuwar rigar.

"To, zuwa yaushe, Yaya?"

"Na miƙa wa kwamiti," in ji ta. "Ɗaga sosai, kana jan ƙafarsa a ƙasa."